Kaskon da Aka Jefar a Liyon

Ni ba mai sha'awar yawon buɗe ido ba ce. Shekara ashirin da shida na yi a Riyad kafin wannan tafiya, ko gidan tarihin nan na Murabba da muke wucewa ta gabansa ban taɓa leƙawa ba. Faransa kai ni aka yi, kamar yadda ake kai akwati. Amma tun da mutane sun ɗauki abin da ya same ni a can abin dariya, gara su ji shi daga bakina.

Daga Maraɗi na biyo mijina, shi yana tuƙi, ni ina aiki a wani gida a unguwar Malaz. Da Allah Ya yi masa rasuwa sai na zauna, don 'yata ta riga ta yi aure a unguwar Badi'a, nan cikin Riyad, ba ni da wanda zan koma wa. Tsohuwar gidan kowa Yumma yake ce mata, wato Inna, ni ma haka nake kiranta. 'Ya'yanta kuwa Khala suke ce mini, kamar in ce Gwaggo. Babban ɗanta, wanda iƙamata, takardar zamana a ƙasar, take hannunsa yanzu, wato shi ne kafil ɗina, na same shi yana ɗan firamare. Ni na riƙa cusa masa ƙafa cikin takalmi yana kuka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abu biyu aka san ni da su a gidan. Na farko labari. Yumma ba ta iya barci sai na zauna gefen gado ina matsa mata ƙafa ina ba ta labarin garinmu da Larabcina mai gurgunta, tana dariya tana gyara mini. Na biyu turaren wuta. Ba na kanti ba, nawa. Nakan sami sandal da hawi da gajiji da farce, in daka, in soya da sukari, in zuba miski, in rufe a kwalba wata uku ba a buɗe ba. Matan da ke zuwa zaman Alhamis a gidan har roƙo suke in ɗibar musu. Kuma a ɗan kaskon ƙasa nake ƙona shi, wanda uwata ta saka mini cikin kaya ranar da zan taho. Gidan cike yake da kasake na azurfa, amma Yumma da kanta ta ce ƙamshin ya fi fita a nawa.

Shekarar da gwiwarta ta matsa mata, lokacin mata ba su ma fara tuƙi a Riyad ba, ɗan ya ce akwai likita a wani birni na Faransa, Liyon. Za a tafi da bazara, shi da matarsa da Yumma, da ni mai tura Yumma a keken marasa lafiya. Ina shirya akwati Yumma tana zaune bakin gado tana nuna mini da sanda.

"Kaskon fa?"

Na ce, "Yumma, har can?"

Ta ce, "Garin kafirai wari yake. Saka shi, da kwalba guda, da gawayi."

Na naɗe shi cikin zanena na saka.

Gaskiya garin bai yi wari ba, ba zan yi masa ƙarya don ina fushi ba. Koguna biyu ne suka ratsa shi, ɗaya kore ɗaya ruwan ƙasa, suna gudu dare da rana ba mai ɗiba. Na tsaya kan gada na kalli ruwan nan ina tuna yadda muke kwana a bakin rijiya. Rana kuma ba ta faɗuwa. A yi la'asar, a zauna, a sha shayi, a gaji, a sake zama, magariba sai kusan goma. Kwana uku ina zargin agogon otal ɗin.

Mutanen garin suna da wata ɗabi'a da ta yi mini. Ba ka shiga kanti ka ce a ba ka kaza sai ka gaisa. Ɗan gidan ya shiga wurin mai burodi ya nuna da yatsa yadda ya saba a gida, matar ta dube shi kawai kamar bango. Ni kuwa 'yar Nijar ce, ko ban yi lakwal ba, wato boko, na san bonjur madam. Na faɗa, ta washe baki, ta ba ni burodin nan dogo kamar taɓarya, mai zafi. Tun daga ranar ni ake aika. Abin da bai yi mini ba shi ne karnuka. Kare a mota, kare a gidan abinci ƙarƙashin tebur, kare da riga. Wata tsohuwa sa'ata na ga tana bin nata da leda tana kwashe masa kashi, na kau da kai don kar ta ji kunya, ashe ita ko a jikinta.

Karen ne ma ya jawo. Ɗakinmu a hawa na uku yake, ni da Yumma, ɗan da matarsa suna can wani ɓangare. Tun ranar farko Yumma ta ce darduman ɗakin ƙarnin kare take yi. Ran Juma'a bayan la'asar, ɗan da matarsa sun fita sayayya, ta idar da salla a zaune ta ce, "Khala, ɗauko kaskon."

Na ce, "Yumma, nan fa ba gidanmu ba ne. An yarda?"

"Ɗakina ne. Yalla, kunna."

"Mu jira ya dawo mu tambaye shi."

"Ni zan tambayi ɗan da na haifa izinin turare? Rufe taga kar ƙamshin ya gudu."

Na rufe taga. Haka ake yi, duk mai turare ta sani, ba a turara ɗaki da taga a buɗe. Na kunna gawayi, na bari ya yi ja, na zuba ba da rowa ba. Hayaƙi ya tashi fari, mai kauri, yadda nake so. Yumma ta buɗe mayafinta a kansa tana lumshe ido tana cewa yanzu ta san tana raye. Akwai wani ɗan farin abu manne a silin, kamar murfin kwano, da ɗan jan ido yana ƙiftawa. Kwana biyar ina ganinsa, na ɗauka fitilar dare ce. Akwai kuma takarda a bayan ƙofa da rubutu iri uku. Ni rubutu duk ɗaya ne a wurina. Ɗan gidan da matarsa sun shiga ɗakin nan ya fi sau ashirin, sun ga kaskon a kan tebur, sun ga takardar, ba wanda ya ce uffan.

Sai abin ya fasa ƙara. Ban taɓa jin irinta ba, har cikin haƙori. Kafin in juya duk benen ya ɗauka, ana buga ƙofofi, ana gudu. Na leƙa, wani ma'aikaci yana ta nuna matakala da hannu biyu. Na tura keken zuwa lif, lif ya mutu. A raina wuta ce ta kama wani wuri, ko kaɗan ban kawo kaskona ba. Yumma ta riƙe hannuna tana salati tana cewa kar in bar ta.

Ina da shekara sittin da wani abu a lokacin. Na kwance zanen da ke saman doguwar rigata, na durƙusa, na ce ta rungumi wuyana. Na goya ta kamar jaririya na ɗaure. Hawa uku na sauko da ita, ina dafa bango, Turawa suna ratsa mu. Har yau in sanyi ya shigo ƙuguna yana tuna mini matakalar nan ɗaya bayan ɗaya.

A bakin titi aka tara mu, wasu da tawul, wata da kumfa a kai. Motar 'yan kwana-kwana ta zo. Suka hau, ba su daɗe ba suka sauko, ɗaya yana riƙe da kaskona nesa da jikinsa, ya jiƙa shi da ruwa. A nan na gane. Kunya ta rufe ni, ba zan ɓoye ba. Amma kunyar da aka raba biyu ce a zatona, rabi nawa rabi na Yumma, mu sha faɗa tare mu yi dariya daga baya.

Ɗan ya iso da ledoji a hannu. Manajan otal ɗin Balarabe ne na Aljeriya, don haka da Larabci suka yi magana, a gabana, a gaban Yumma da aka zaunar kan kujera aka lulluɓe da bargo. Manajan ya ce wa ya kunna wuta a ɗaki. Ɗan bai ko tambaye mu ba. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Shaggala ce, 'yar aiki. Jahila ce daga Afirka, ba ta fahimtar komai. Mahaifiyata barci take ta yi wannan aikin."

Shaggala. Yaron da na riƙa sa wa takalmi.

Ban dube shi ba, Yumma na duba. Jira nake ta ce, a'a, ni na sa ta, har ta ce mu jira na ƙi. Kalma huɗu ko biyar. Matar da ban gama huce numfashin goyonta ba. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi, bakinta yana motsi, amma ba da ni yake ba. Ɗan ya karɓi kaskon daga hannun ɗan kwana-kwana, ya taka zuwa kwandon shara na bakin titi ya sake shi ciki, don manaja ya ga ya ɗauki mataki. Na ji ƙarar fashewarsa daga inda nake.

Da muka koma sama, a wani ɗakin da aka canja mana, na yi mata duk abin da na saba. Na cire mata safa, na shafa mata magani, na gyara filo. Ta ce, "To, ina muka tsaya jiya? Matar nan mai saida fura da ta auri mahauci."

Na ce, "Na manta."

"Ke ba kya mantuwa."

"Jahila ce ni, Yumma. Ba na fahimtar komai."

Can ta ce, "Kin san maza. Kunya ya ji a gaban mutane."

Na ce, "Ni ba mutum ba ce, shi ya sa ban ji ba."

Sauran kwana goma sha ɗaya muka yi a garin, kuma a cikinsu aka yi duk yawon. Likita ya yi mata allurai a gwiwa ya ce ta riƙa fita shan iska. Don haka duk abin da na gani na Liyon da fushi na gan shi, ta saman kan Yumma, hannuna a kan keke. Tsohuwar unguwarsu da duwatsu aka shimfiɗe ta, ƙanana masu ƙusumbi, ƙafar keke tana faɗawa tsakani. Da can da na bi a hankali ina neman wuri mai laushi. Yanzu ma na bi a hankali, don ni ba muguwa ba ce, amma ban ce mata sannu ba ko sau ɗaya.

Aka hau da mu wani ɗan jirgin ƙasa da igiya ke ja zuwa kan dutse, inda suka gina wata ƙatuwar majami'a fara. Daga can ana ganin garin duka, jajayen rufi har iyakar ido, da kogunan nan biyu. Matar ɗan ta miƙo mini waya in ɗauke su hoto su uku. Na ɗauka. Ba wanda ya ce in shigo. Muka leƙa cikin majami'ar, sai ga kyandir sun fi ɗari suna ci, ga wani mutum da doguwar riga yana kaɗa kaskon ƙarfe a sarƙa, hayaƙin lubban yana tashi har sama. Na tsaya na ƙare masa kallo. Ashe su ma sun san turare. Nasu ibada ne, nawa jahilci. Yumma ta juyo ta dube ni, na san abin da ta gani ke nan ita ma, tana so mu haɗa ido mu yi dariya. Na mai da idona kan silin.

Aka kai mu kasuwar abinci mai rufi, inda cukunsu yake wari kamar an jiƙa fata, ana yanka shi ana ɗanɗanawa ana gyaɗa kai. Aka kai mu jirgin ruwa, muka je har inda kogunan suka haɗu, kore da ruwan ƙasa suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. Abin kallo ne, na yarda. Da a ce da daɗin rai na gan shi, da na ba Yumma labarinsa wata guda, in ƙara masa aljanu da 'yan ruwa. Dare ya yi ta yi ta juyi a gado, ina jin ta, ina kwance idona biyu.

Ana gobe za mu taho ta sa aka kai mu kantin siliki, don an ce garin da saƙarsa aka san shi. Ta sa aka sauko da mayafai, ta zaɓi wani shuɗi mai ruwan zinariya, ta ɗora mini a kafaɗa da hannunta.

"Ya yi miki, Khala."

Na cire na ninke na ajiye kan teburin mai kanti. Na ce, "Marsi madam." Sannan na ce wa Yumma a hankali, don ban son mai kanti ta ji muna sa-in-sa, "Ba mayafi na rasa ba. Magana ɗaya nake jira, kin san ta."

Ta ce, "So kike in ƙaryata ɗana?"

Na ce, "So nake ki faɗi wanda ya ce a kunna."

Ta saya duk da haka, ta cusa a akwatina ban sani ba. Da muka sauka Riyad na gan shi, na kai ɗakinta na sa a durowa.

Da na ɗauka abin zai mutu a can. Ashe guzuri suka yi da shi. Sati bai cika ba direban gidan, wani mutumin Damagaram, ya tare ni a ƙofar kicin yana ƙunshe dariya ya ce, "Hajiya, an ce kin kusa ƙone Faransa." 'Yata ta bugo daga Badi'a ta ce labarin ya kai can, har an ƙara cewa tuwo na ɗora a tsakiyar ɗaki. Shekara ashirin da shida ina tsare mutuncina a garin nan, ban taɓa ɗaukar ko cokali ba, ban taɓa bari an ɗaga mini murya ba, rana ɗaya na zama wawiyar da ake ba baƙi labarinta da shayi.

Alhamis ta zo, mata suka cika falon Yumma don yi mata sannu da zuwa. An sha gahawa, an ci dabino. Ina shigowa da faranti na tarar matar ɗan tana tsakiyar labarin, tana kwaikwayon ƙarar abin nan da bakinta, mata suna riƙe ciki. Ba ta faɗi goyon ba. Ba wanda ya taɓa faɗin goyon.

A al'adarsu in zama ya zo ƙarshe ana zagayawa da turare, kowace ta turara mayafinta kafin ta tashi. Yumma ta ce, "Khala, bakhur." Na ce to. Na je na ɗauko kaskon azurfa, na sa gawayi baƙi ƙirin ban kunna ba, na ɗora ashana a gefe da kwalbar turarena. Na ratsa tsakiyar falo na ajiye a gaban Yumma, na tsaya a tsaye.

Wata ƙanwarta ta ce, "Khala, ai ba wuta."

Na ce, "Ni jahila ce daga Afirka, ban san inda ake kunna wuta da inda ba a kunnawa ba. Yumma tana barci nake yin ɓarna. Yau ga ta ido biyu. Ta faɗa da bakinta kowa ya ji, in kunna ko kar in kunna."

Matar ɗan ta ce, "Khala, wasa ne fa." Ban ko juya ba. Na san iƙamata tana hannun mijinta, kuma mutum yana iya kwana a Malaz ya wayi gari a filin jirgi. Amma na riga na ajiye kaskon, ba zan ɗauke shi da sanyi ba.

Yumma ta dubi gawayin. Sannan ta ce, "Kunna."

Ban motsa ba.

Ta ja numfashi, ta ɗaga kai ta dubi matan, ba ni ba. Ta ce, "A can ma ni na ce ta kunna. Ta ce mu jira, na ƙi. Ni na ce ta rufe taga. Kuma a bayanta ta sauko da ni hawa uku, ku da kuke dariya."

Na durƙusa na ƙyasta ashana. Na jira gawayin ya yi ja yadda ya kamata, ban yi gaggawa ba, na zuba turare, na zagaya da shi mace bayan mace. Da na zo kan matar ɗan na riƙe mata kaskon daidai yadda na riƙe wa kowa.

Ranar na ci gaba da ba Yumma labarin mai fura da mahauci. Ta yi barci tun ban kai ƙarshe ba.

Amma kar wani ya ce an wanke ni. A falon mata aka yi maganar, ɗan yana can ɓangaren maza. Na san matarsa ta gaya masa, don bai ƙara ba da labarin ba, kuma ya koma ce mini Khala kamar bakinsa bai taɓa faɗin wata kalma ba. Bai ce mini yi haƙuri ba har yau. Kaskon uwata kuma yana can ƙasar Faransa cikin shara. Duk Juma'a yakan aiko da farar rigarsa da rawaninsa a turara masa kafin masallaci, kamar yadda na saba yi masa tun yana saurayi. Nakan karɓa in ninke in mayar yadda suka zo, in ce a gaya masa akwai na kanti a durowa, ya sa wadda ta fahimta ta kunna masa.